Fashin baƙi: abin da ya raba 'yan ci-ranin Yuganda da na Haiti a ƙasashen waje

Duk sanda hirar baƙaƙen fata mazauna Amurka ta taso sai ka ji wani ya ce ai 'yan Afirka irin su 'yan Yuganda sun fi 'yan Haiti ƙoƙari, sun fi su boko, sun fi su aiki mai tsoka, su kuwa 'yan Haiti kullum a labarai ake ganinsu cikin kwale-kwale ko a bakin boda ana kora. Ni dai maganar nan tana ci min rai, domin mai faɗarta ya hango wani abu na gaskiya amma ya ba shi fassarar da ba tasa ba. Bambancin yana nan, babu mai musu. Sai dai ba daga hali ko ƙwazo ya taso ba, ya taso ne daga hanyar da kowa ya bi ya fita, da irin takardar da aka ba shi da ya isa, da kuma halin da ya baro gida a ciki.

Mu fara da yawa, don shi ne mutane ke tsallakewa. Haiti ƙasa ce mai mutum wajen miliyan 11 zuwa 12, amma waɗanda aka haifa a can suke zaune a Amurka kaɗai sun haura 700,000, kusan rabinsu a jihar Florida, sai New York, sai Massachusetts. Ka ƙara da wajen rabin miliyan a maƙwabciyarsu Jamhuriyar Dominika, ka ƙara da na Kanada da Faransa da Chile da Barazil da Bahamas. Yuganda kuwa ƙidayar 2024 ta ba ta mutum kusan miliyan 46, wato ta ninka Haiti sau huɗu, amma 'yan ƙasar da ke Amurka 'yan dubbai goma-goma ne kawai, ko kusa da na Haiti ba su zo ba. To ka ga tun daga nan kwatancen ya karkace, ana auna al'umma guda da ta kwaso kowa da kowa, malami da manomi da mai tura baro, da wani ɗan rukuni da aka yi wa tankaɗe da rairaya kafin ya taka filin jirgi.

Kuma nisa ne ya yi tankaɗen. Daga Haiti zuwa Florida wajen kilomita 1,100 ne, tafiyar awa biyu a jirgin sama, wanda ba shi da halin jirgi kuma yana iya sayar da gonarsa ya shiga jirgin ruwa na katako ya sa rai a hannun Allah. Daga Entebbe, inda babban filin jirgin saman Yuganda yake, zuwa Boston ya haura kilomita 10,000, babu jirgin da ke zuwa kai tsaye, babu kwale-kwalen da zai kai ka, dole sai da fasfo da biza da kuɗin tikiti da bayanan asusun banki da kuma turancin da za ka amsa tambayoyin jami'in ofishin jakadanci. Talakan ƙauyen Karamoja ko na Busoga ba ya ma shiga wannan layin. Wanda ke shiga shi ne ɗan Kampala da ya gama jami'ar Makerere, ko nas, ko malamin coci, ko ɗalibin da ya samu gurbin karatu. Hatta bizar caca ta Amurka, wadda ake cewa ta sa'a ce, sai kana da shaidar gama sakandare ko gogewar aiki ta shekara biyu, kuma Yuganda ta daɗe cikin ƙasashen da aka bari su shiga, Haiti kuwa an cire ta saboda mutanenta sun riga sun yi yawa ta wasu hanyoyin, kamar dai yadda aka cire Najeriya sama da shekara goma da suka wuce. Shi ya sa idan ka duba alƙaluma za ka ga cikin manyan da suka zo Amurka daga Afirka kudu da Sahara kusan 4 cikin 10 suna da digiri, na Haiti kuwa wajen 1 cikin 5. Wannan ba ya nuna Yuganda ta fi Haiti masu ilimi a gida ko mutanenta sun fi kaifin ƙwaƙwalwa, yana nuna wa aka bari ya shigo ne kawai.

Abin da da yawa ba su sani ba, farkon 'yan Haiti da suka fita su ma irin wannan rukunin ne na 'yan boko. Lokacin da François Duvalier ya hau mulki a 1957 ya saki 'yan ta'addarsa na Tonton Macoute a kan duk wanda yake ganin zai iya ɗaga masa murya, likitoci da lauyoyi da malaman makaranta da injiniyoyi ne suka fara tserewa. Wasu suka nufi New York, wasu Montreal inda ake Faransanci kuma lardin Quebec yana tsananin buƙatar malamai da ma'aikatan asibiti a lokacin, wasu ma Kongo suka tafi koyarwa bayan ta samu 'yanci a 1960 Beljiyam ta bar ta babu ma'aikata. Daga cikin irin waɗannan gidaje ne Michaëlle Jean ta fito, wadda iyayenta suka gudu da ita Kanada tana yarinya, ta zo ta zama Gwamna Janar ta ƙasar daga 2005 zuwa 2010. Wato inda ɗan Haiti ya shiga da takarda da harshen da ake ji, ya tashi kamar kowa. Sai daga 1972 ne talakawa suka fara isa gaɓar Florida a jiragen ruwa, lokacin mulki ya koma hannun ɗansa Jean-Claude, kuma a nan ne labarin ya canza.

A nan nake so a tsaya a duba da kyau, domin abin da aka yi musu ba ƙaramin abu ba ne. A daidai shekarun da 'yan Haiti ke isowa, 'yan Kyuba ma suna isowa ta wannan tekun, a irin wannan jirgin. Amma akwai dokar 1966 da ta ba ɗan Kyuba damar samun takardar zama ta dindindin bayan ɗan lokaci kaɗan da isowarsa, saboda yana gudun gurguzu ne, shi kuwa ɗan Haiti da ke gudun Duvalier, wanda Amurka ke ɗasawa da shi, sai aka ce ai yunwa ce ta koro shi ba siyasa ba. Aka riƙa tsare su a sansanin Krome da ke Miami, a 1981 gwamnatin Reagan ta ƙulla yarjejeniya da Haiti cewa dakarun tsaron teku za su riƙa tare jiragen tun a ruwa su mayar da su, bayan juyin mulkin da aka yi wa shugaban Haiti Aristide a 1991 kuma dubbai aka kwashe aka ajiye a Guantanamo. Kamar wannan bai isa ba, a farkon shekarun 1980 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta saka 'yan Haiti, a matsayinsu na ƙasa guda, cikin rukunin masu haɗarin ɗauke da cutar ƙanjamau. Mutane suka rasa aiki, masu gidajen haya suka riƙa ƙin ba su ɗaki, yara a makaranta suka koma ɓoye asalinsu. Da aka zo a 1990 aka ce an hana su ba da gudummawar jini, dubun-dubatarsu suka fito suka cika gadar Brooklyn a watan Afrilu har sai da aka janye matakin daga baya. Ɗan Yuganda da ya sauka a Boston da bizar karatu bai taɓa fuskantar irin wannan tambarin a matsayin al'umma ba, yawancin Amurkawa ma ba su san inda ƙasarsa take ba, kuma wani lokacin rashin a san ka ɗin ma sauƙi ne.

Sai maganar harshe, wadda ba sai an ja ta ba. Yuganda Ingila ce ta mulke ta, da turanci ake karatu tun daga firamare, nas ɗin da ta fito daga asibitin Mulago na Kampala za ta sha wahalar jarabawar lasisi amma ba za ta fara daga koyon gaisuwa ba. Ɗan Haiti Kiriyol yake yi, ɗan boko ya ƙara da Faransanci, kuma duk biyun ba sa cin kasuwa a Miami ko Brooklyn, sai ka ga wanda ya yi aikin akawu a Port-au-Prince ya koma wankin kwanoni a otal yana zuwa ajin turanci da dare.

Duk da haka wallahi ba zaman banza suke ba. Kason 'yan Haiti da ke cikin aiki a Amurka ya fi na haifaffun ƙasar, kuma idan ka shiga gidajen kula da tsofaffi na Florida ko New York ko Boston su za ka tarar, mata masu ɗaga tsoho su yi masa wanka su canza masa shimfiɗa, da yawansu suna haɗa aiki biyu, su fito daga na dare su wuce na safe. Abin lura shi ne a nan ne ma al'ummomin biyu suke haɗuwa. A garin Waltham da ke kusa da Boston, wanda har ake wa laƙabi da ƙaramar Kampala saboda yawan 'yan Yuganda da shagunan da ake sayar da matoke da chapati, aikin da ya fi yawa a hannunsu shi ne wannan dai na jinya da kula da tsofaffi da naƙasassu. Mai digiri daga Makerere da matar da ta taso a birnin Cap-Haïtien na Haiti suna iya kasancewa a shif ɗaya, albashi ɗaya. Inda suke rabuwa shi ne bayan shekara biyar ko goma, shi yana da takardar da ta ba shi damar komawa makaranta ya zama cikakken nas ya ci bashin banki ya sayi gida, ita kuwa in tana kan takardar wucin gadi ce to ba ta san ko baɗi tana ƙasar ba.

Wannan takardar wucin gadin, da ake kira TPS, ita ce babban ciwon. Bayan girgizar ƙasar 12 ga Janairun 2010, wadda gwamnatin Haiti ta ce ta kashe sama da mutum 200,000, Amurka ta ba 'yan Haiti da ke ƙasar izinin zama da aiki na ɗan lokaci, ana sabuntawa bayan wata 18 ko ƙasa da haka, kuma ba ta kai mutum ga zama ɗan ƙasa. Mutum ya shekara goma sha yana biyan haraji, ya haifi yara Amurkawa, amma sai wata gwamnati ta zo ta sake ɗaga maganar korarsa. Gwamnatin Trump ta farko ta nemi soke ta aka tafi kotu, Biden ya faɗaɗa ta ya kuma buɗe wani shirin shigowa a Janairun 2023 ga 'yan Haiti da Kyuba da Nicaragua, irin wanda ya riga ya buɗe wa 'yan Venezuela, Trump ya dawo a 2025 ya rufe shirin, ya sake neman soke TPS ɗin, ya kuma saka Haiti cikin ƙasashen da ya hana mutanensu shiga. Ta yaya mutum zai buɗe shago ko ya ɗauki bashin gida na shekara 30 a irin wannan zaman? Ga kuma ƙazafin da aka yi wa mazauna Springfield ta jihar Ohio lokacin yaƙin zaɓen 2024 cewa wai suna cin karnuka da kyanwowin mutane, hukumomin garin suka ce babu wata shaida, amma sai da aka yi ta barazanar bam ana rufe makarantu, alhali mutanen nan masana'antun garin ne suka buƙace su suka zo.

To amma kar a ɗauka duk ɗan Yuganda da ke waje yana cikin daula, nan ne ma masu waccan maganar suka fi yin kuskure. Mafi yawan masu barin Yuganda a shekarun nan ba Boston ko Landan suke zuwa ba, ƙasashen Larabawa suke tafiya, musamman Saudiyya, kuma akasarinsu 'yan mata ne masu zuwa aikatau. Gwamnati da kanta ta ba kamfanonin ɗaukar ma'aikata lasisi, ta sa hannu a yarjejeniya da Saudiyya a 2015, ta dakatar a farkon 2016 saboda koke-koken cin zarafi, ta sake buɗewa a 2017, tun daga nan kuma dubun-dubata ke fita duk shekara. Wanda ya bi ta filin jirgin Entebbe zai gan su a layi cikin kaya iri ɗaya da ɗan gyale, ejan na riƙe da takardunsu, kwangilar shekara biyu, albashi wajen riyal 900 a wata. Da ta isa, zamanta na ɗaure da sunan kafil, wato wanda ya ɗauke ta aiki, sau da yawa fasfo da waya suna hannun uwar gida, ba ranar hutu, in aka hana ta albashi ba ta da inda za ta kai ƙara cikin sauƙi, in ta gudu ita ce mai laifi. Mu nan ba baƙon labari ba ne, duk wanda ya san matanmu da ke tafiya aikatau Makka da Jidda ya san yadda abin yake. Maza kuma gadi da leburanci a Dubai da Qatar, kafin nan ma dubbansu sun yi gadin sansanonin sojan Amurka a Iraƙi a kan kuɗin da bai kai na Ba'amurke mai irin aikin ba ko kusa.

Wannan yarinyar da ke Riyadh, a gani na, ta fi kusa da ɗan Haiti mai saran rake a Jamhuriyar Dominika fiye da yadda take kusa da ɗan ƙasarsu da ke Waltham. Shi ma yana zaune ne a unguwannin leburori na cikin gonakin rake, ko yana ɗaukar bulo a wuraren gine-ginen otal na masu yawon buɗe ido, tattalin arzikin ƙasar na tafiya da guminsa amma ba a son ganinsa. A 1937 Trujillo, mai mulkin Dominika a lokacin, ya sa an karkashe dubban 'yan Haiti a bakin iyaka. A 2013 kotun tsarin mulkin ƙasar ta yanke cewa waɗanda aka haifa a can tun daga 1929 ga iyayen da ba su da takardu ba 'yan ƙasa ba ne, mutanen da ba su taɓa taka Haiti ba, Sifaniyanci kaɗai suke ji, suka wayi gari ba su da ƙasa. A Oktoban 2024 gwamnatin shugaba Abinader ta ce za ta riƙa korar mutum 10,000 duk mako. Haka waɗanda suka tafi Barazil aikin gine-gine gabanin gasar kofin duniya ta 2014, da na Chile, da aiki ya ƙare aka tsaurara biza suka kamo hanya ta dajin Darién da ke tsakanin Kolombiya da Panama a ƙafa, su ne aka gani wajen 15,000 a ƙarƙashin gadar Del Rio ta Texas a Satumban 2021 jami'ai a kan dawakai suna kora su.

Akwai kuma wani abu da ke rikita lissafin Yuganda a Birtaniya. A watan Agustan 1972 Idi Amin ya ba 'yan asalin Indiya kwana 90 su bar ƙasar, wajen 28,000 suka sauka a Birtaniya, wasu dubbai a Kanada. Har talla majalisar birnin Leicester ta buga a jaridar Kampala tana cewa kar su zo. Sun zo hannu rabbana, an ƙwace shaguna da gidaje, amma sun zo da turanci da sanin kasuwa da dangi, da yawansu kuma da fasfon Birtaniya a aljihu, cikin shekaru kaɗan suka mamaye shagunan unguwa da kantunan magani, yau suna cikin baƙin da suka fi arziki a ƙasar. Duk ƙididdigar da ta ce "haifaffun Yuganda" a Birtaniya tana haɗawa da su, sai ta ɗaga matsakaicin sama, ta rufe halin da ɗan ƙabilar Acholi da ya gudo daga yaƙin arewacin Yuganda yake ciki a gidan gwamnati a kudancin Landan. Baƙaƙen da suka gudu daga Amin su ma manyan 'yan boko ne, irin su John Sentamu, lauya ne ya tsere a 1974 ya zo ya zama Archbishop na York, ɗaya daga cikin manyan limaman cocin Ingila.

Sai abin da ke bayanka, wanda ni a wurina ya fi komai nauyi. Kuɗin da 'yan Haiti ke aikawa gida yana kai wa kusan dala biliyan 4 a shekara, wajen kashi ɗaya cikin biyar na duk tattalin arzikin ƙasar. Na Yuganda a 2023 bai wuce dala biliyan ɗaya da rabi ba, kashi 3 cikin 100 ko kusa da haka. Ma'anar wannan a rayuwar mutum ɗaya ita ce, ɗan Yuganda in ya turo kuɗi ta wayar MTN ko Airtel, wani kaso na tafiya kuɗin makaranta da asibiti, amma wani kaso yana zama fili a Wakiso ko Mukono da ke kusa da Kampala, ko ɗakunan haya, ko babura na bodaboda da ke kawo kuɗi kullum, kuma yana iya zuwa a Disamba ya ga ginin da idonsa. Ƙasar na da nata matsalolin, mutum ɗaya ke mulki tun 1986, matasa ba aiki, 'yan adawa na shan duka, amma akwai gwamnati, akwai kotun da za ka kai rigimar fili, har ma ita ce ke karɓar 'yan gudun hijira sama da miliyan ɗaya da rabi daga Sudan ta Kudu da Kongo. Ɗan Haiti kuwa abin da ya aiko shinkafa ce da man girki da kuɗin makarantar kuɗi, don yawancin makarantun ƙasar masu zaman kansu ne, wani lokacin ma kuɗin fansar ɗan'uwa daga hannun masu garkuwa. Tun da aka kashe shugaba Jovenel Moïse a gidansa ranar 7 ga Yulin 2021 'yan daba suka mamaye mafi yawan Port-au-Prince, sama da mutum miliyan ɗaya sun bar gidajensu, a Nuwamban 2024 aka harbi jiragen fasinja har Amurka ta hana jiragenta sauka a babban birnin. Wanda ya gina gida don ya yi ritaya a can yanzu ko ganinsa ba ya iya zuwa yi. Adashen da suke yi a Brooklyn, wanda suke kira sòl, da zai zama jarin shago sai ya ƙare a ciyar da gida uku a can. Kuma wannan raunin na ƙasa yana da tarihi, tun daga diyyar faran miliyan 150 da Faransa ta ɗora musu a 1825 saboda sun 'yantar da kansu daga bauta a 1804, zuwa mamayar Amurka daga 1915 zuwa 1934.

Wuri guda da 'yan Haiti suka yi wa 'yan Yuganda nisa shi ne siyasa, kuma yawansu da daɗewarsu ne suka ba su. A gundumar Miami-Dade ta Florida ana buga takardar zaɓe da Kiriyol, birnin North Miami ya yi magadan gari 'yan asalin Haiti, sun tura wakiliya majalisar tarayya daga Florida a 2022, Karine Jean-Pierre ta riƙe muƙamin kakakin fadar White House a zamanin Biden, suna da gidajen rediyo da lauyoyi da ƙungiyoyin da ke shigar da ƙara duk sanda aka taɓa TPS. 'Yan Yuganda suna da ƙungiyarsu ta Arewacin Amurka tun 1988, suna taro duk shekara, amma hankalin taron ya fi karkata ga siyasar Kampala da harkar filaye, kuma ba su da yawan da ɗan takara zai zo neman ƙuri'arsu a matsayin rukuni. Zohran Mamdani da ya ci zaɓen magajin garin New York a Nuwamban 2025 haifaffen Kampala ne, mahaifinsa na cikin waɗanda Amin ya kora, sai dai ba ƙuri'ar 'yan Yuganda ce ta kai shi ba. 'Yan matan da ke Saudiyya kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa cikin masu fita yanzu, ba su da ƙuri'a a can, ba su da ƙungiyar ƙwadago, in abu ya ɓaci sai dai su yi bidiyo a ɓoye su tura TikTok ko WhatsApp suna roƙon a taimaka a dawo da su gida.